Neman Aiki a Shekarun Tsanani: Ina Iyakar Alfarma?

Akwai tambayar da ba a cika yinta a bainar jama'a ba. A ɗaki ake yinta, da dare, tsakanin miji da mata, ko tsakanin saurayi da mahaifiyarsa. A ce an buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata, wadda ake kira konkur. Gurabe 40 ne, masu nema sun fi 1,000. Sai wani ya kawo labari cewa akwai mutum a ciki da zai iya sa suna a jeri idan aka ba shi jika 300. Akwai kuma kawu a Yamai wanda ya san shugaban wurin. To, me ya halatta ga mai neman aiki? Ya je wurin kawu? Ya sayar da gona ya biya? Ko kuwa ya kai takardunsa kawai ya koma gida ya jira, alhali ya san waɗansu ba jira suke yi ba?

Mutane sukan rabu biyu a kan wannan. Waɗansu suna cewa duk ɗaya ne, hanya hanya ce, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wanda ba shi da uwa kuma sai ya saya. Waɗansu kuwa suna cewa mai bi na ƙwarai ba ya neman alfarmar kowa, addu'a kawai zai yi ya zuba ido. Dukansu biyu sun sauƙaƙa maganar fiye da kima. Tsakanin neman taimako da sayen gurbi akwai iyaka, ana kuwa iya gane ta. Amma kafin a neme ta, ya kamata a fahimci yadda ƙofar aiki ta ƙuntata har tambayar ta zama ta kowane gida.

Yadda ƙofar ta ƙuntata

Dattawa suna tunawa da lokacin da takardar lakwal ta kusan zama takardar aiki. A shekarun 1970 yuraniyom yana da daraja a kasuwar duniya. Kamfanin Somair ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak kuma ya biyo baya a 1978. Kuɗi suka shigo, gwamnati ta yi gine-gine, ta ɗebi ma'aikata. Yaron da ya gama karatu ba ya daɗewa bai sami biro ko aji ba.

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa nauyi. Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka rufe ko aka sayar da waɗansu kamfanonin gwamnati. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har mutanen ƙasar Hausa suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai don nuna ƙin matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi, aka harbe waɗansu a gadar Kennedy. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Kayan da ake shigowa da su, har da magani, suka yi tsada, ma'aikatan gwamnati kuma suka yi ta bin bashin albashi na watanni. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar yawancin malaman makaranta a kan kwantiragi, da albashi ƙasa da na cikakken ma'aikaci.

A cikin wannan duka jama'a ba ta daina ƙaruwa ba. Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar shekaru da yawa, ta Yamai, sai a 2010 aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram. Masu takarda suka yawaita, gurabe ba su yawaita kamarsu ba. Ga kuma waɗanda suke da aiki ya kuɓuce musu. Cominak ya rufe ran 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka koma neman sabon abin yi, ban da ɗaruruwan da suke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. Rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin ƙungiyar CEDEAO daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, sun taɓa direbobi, ƴan dako, masu shaguna da yaransu, daga Ƙonni har Magariya.

Saboda haka wanda ya rasa aiki a irin wannan zamani kada a yi saurin kiransa rago. A misalin ma'aikatan gonar inabi cikin Matiyu sura 20, akwai waɗanda suka wuni tsaye a kasuwa har la'asar, da aka tambaye su dalili kuwa, dalilinsu shi ne ba wanda ya ɗauke su. Mai gonar bai musa musu ba. Irinsu suna da yawa a kowace tasha da kowace fada inda samari suke zaman shayi.

Hujjar mai biya

Adalci ne a saurari mai niyyar biya kafin a yanke masa hukunci, gama hujjarsa tana da ƙarfi. Zai ce ba shi ya kafa wannan al'ada ba, tarar da ita ya yi. Zai ce ya cancanta, takardunsa na gaske ne, aikin kuma zai iya shi. Zai ce in bai biya ba wani zai biya, gurbin ba zai je ga mafi cancanta ba ko ta yaya, ƙin biyansa ba zai gyara kome ba sai dai ya bar ƴaƴansa da yunwa. Zai ƙara da cewa laifin yana kan mai karɓa, shi kuwa tilas ce ta sa shi.

Tilas ɗin kuwa ba ƙarya ba ce. A Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar neman abinci. A Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, mutum 18 aƙalla suka mutu. Ba kwaɗayi ya kai waɗannan bayin Allah can ba. Wanda cikinsa yake cike, albashinsa yana zuwa kowane wata, ya yi hattara da yadda yake wa mai yunwa wa'azi.

Duk da haka akwai abu ɗaya da hujjar mai biya ta tsallake. Tana magana kamar mutum biyu ne kawai a cikin cinikin, mai bayarwa da mai karɓa. Alhali su uku ne.

Mutum na uku

Gurbi 40 ba ya zama 41 don wani ya biya. Idan aka sa suna a jeri, to, an cire suna. Akwai wata yarinya ko wani magidanci da ya zauna jarrabawar nan, ya ci, wanda sunansa ya kamata ya zama na 40. Ba ya cikin ɗakin da aka yi cinikin. Ba a san fuskarsa ba, shi ma ba zai taɓa sanin abin da ya faru ba. Zai je ya duba allo, ya ga babu sunansa, ya koma gida yana zaton shi ne ya kāsa. Wataƙila uwarsa ta sayar da akuyarta ta biya masa kuɗin mota da na takardu. Ƴaƴansa ma suna jin yunwa, kamar na mai biya.

Abin da ya sa wannan zalunci yake da sauƙin yi shi ne ba a ganin wanda aka yi wa. Mutumin da ba zai taɓa sa hannu a aljihun maƙwabcinsa ya zare jika ɗaya ba, yakan iya ƙwace albashin shekara 30 daga hannun wanda bai sani ba, ya kwana lafiya, har ya je majami'a ran Lahadi ya ba da shaidar godiya. Rashin sanin sunan wanda aka cuta ba ya rage cutar. Dokar ƙaunar maƙwabci ba ta tsaya ga maƙwabcin da aka san gidansa ba.

Mai biya zai ce ai da ma ba za a ba na 40 ɗin ba, wani mai kuɗi ne zai karɓe. Mai yiwuwa ne. Amma wannan ita ce hujjar kowane mai sayen kayan sata: in ban saya ba wani zai saya. Gaskiya ne wani zai saya, amma kasuwar sata tana ci ne domin kowa yana faɗin haka. Mutum ba zai ba da lissafin abin da wani ya yi ba. Nasa hannun za a tambaye shi.

Bayan na ukun ma akwai waɗansu. Jika 300 ta fi albashin wata bakwai na mai karɓar mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a 2024. Mai neman aiki ba ya ajiye da irin wannan kuɗi. Rance zai ci, ko ya jinginar da gona. Ranar da ya zauna a kujera, bashin yana zaune tare da shi. Daga ina zai biya? Daga majiyyacin da ya zo karɓar magani, daga uban da ya zo neman takardar haihuwar ɗansa, daga direban da aka tsayar a hanya. Wanda ya shiga ta ƙofar kuɗi da wuya ya rufe ta a bayansa. Wanda ya karɓa ya sa shi kuma ya riƙe masa wuya har abada, gama ranar da ya ce a yi abin da bai dace ba, da wane baki za a ƙi? Sau da yawa kuma mai karɓar ɗan damfara ne. Ya ci kuɗin, suna bai fito ba, ba kuwa alƙalin da za a kai wa irin wannan ƙara.

Haka yake ga ƙarya a takarda. Wanda ya rage shekarunsa a takardar haihuwa domin ya shiga jarrabawar da shekarunsa suka wuce, da wanda ya sayi takardar shaidar karatun da bai yi ba, ba su ba kowa toshiya a ofis ba, amma sun ture wani daga layi. Idan aikin na asibiti ne ko na aji, cutar ba ta tsaya ga wanda aka ture ba. Ta kai ga mai naƙuda da aka ba ungozomar da ba ta koyi aikin ba, ta kai ga yara 70 da aka ba malamin da bai iya abin da yake koyarwa ba.

Akwai dai wani hali dabam da bai kamata a haɗa shi da wannan ba. Mutum ya ci jarrabawa da guminsa, sunansa ya fito, amma wani ma'aikaci ya zauna a kan takardunsa, ya ƙi turawa gaba sai an ba shi na goro. Wanda ya biya a nan bai sayi hakkin wani ba, nasa hakkin aka tare masa. Ya fi kama da wanda ƴan fashi suka tare a hanya. Nauyin laifin yana kan mai tarewar. Duk da haka, in ya iya ƙi, ya kai kuka gaba, ya jure jinkirin, ya taimaki na bayansa wanda ba shi da ko na goron. In bai iya ba, ƴan'uwa su ji tausayinsa, kada su jera shi da mai sayen gurbi.

Zuwa wurin kawu

To, kawun da yake Yamai fa? A birane akwai haruffa uku na Faransanci da ake zolaya da su, PAC, watau dangi, abokai da idon sani. Ana cewa da su ake samun kome. Shin duk wanda ya nemi ɗan'uwansa ya yi masa magana ya yi laifi?

Bai yi ba. Mai ɗaukar ma'aikaci yana da matsala ta gaske: bai san mutanen da suke gabansa ba. Takarda tana nuna abin da mutum ya karanta, ba ta nuna ko yana da amana, ko yana zuwa aiki da wuri, ko hannunsa yana da tsabta. Mai babur da zai ba saurayi ya yi kabu-kabu, yana kawo masa kuɗi kowace yamma, dole ya tambayi wanda ya san yaron. Ɗan kasuwar da zai bar wa yaro shago ya tafi Kwatano sayayya ba zai ɗauki baƙon da ba mai tsaya masa ba. A ƙasar da yawancin aiki ba na biro ba ne, shaidar mutane ita ce takarda. Wanda ya ce wa mai shago, "Alhaji, yaron nan na san shi tun yana ƙarami, shekara uku yana riƙe kuɗin ƙungiyar matasa, dala ba ta ɓace ba," ya yi wa mai shago alheri, ya yi wa yaron alheri, bai kuwa cuci kowa ba.

Yusufu ma ya nemi a yi masa magana. A Farawa sura 40, sa'ad da yake kurkuku, ya roƙi shugaban masu shayarwa na Fir'auna ya tuna da shi in an mai da shi bakin aikinsa. Mutumin ya manta har shekara biyu. Da ya tuna, abin da ya gani da idonsa kawai ya faɗa, cewa wani saurayi Ba'ibrane ya fassara musu mafarki, ya kuwa cika. Bai ƙara gishiri ba, bai karɓi kome ba. Fir'auna kuma bai naɗa Yusufu saboda maganar mai shayarwa ba. Ya kira shi, ya gwada shi da kansa, sa'an nan ya ba shi aiki. Shaidar ta kai shi bakin ƙofa, abin da yake iyawa ne ya shigar da shi.

A nan iyakar take. Saurayi yana iya zuwa ya ce, "Kawu, ga takarduna, ka san halina, in an tambaye ka ka faɗi abin da ka sani, in kuma ka ji an buɗe wani wuri ka sanar da ni." Wannan neman shaida ne. Amma in ya ce, "Kawu, ka sa a ba ni ko ban ci ba," ya nemi a ture na uku, sai dai da zumunci zai biya maimakon kuɗi. Alfarmar da take sa a duba mutum halal ce. Alfarmar da take sa a daina duba sauran ita ce ta ƙetare iyaka.

Wajibi ne kuma a duba gurbin na wane ne. Mai shago da ya ɗauki ɗan ƙanensa, dukiyarsa ce, in yaron ya yi ɓarna shi zai yi hasara. Ba wanda ya yi wa alkawarin jarrabawa. Amma shugaban ma'aikatar gwamnati ba shi ya mallaki kujerun da yake rabawa ba. Na jama'a ne, amana aka ba shi, an kuma yi shela cewa wanda ya fi ci shi za a ɗauka. Haka ma makaranta ko ɗakin shan magani na ikkilisiya, wanda aka gina da baikon gwauraye da na manoma. Dattijon da ya cusa ɗansa a can alhali akwai wanda ya fi shi, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Sunan ikkilisiya a kan allon ƙofa ba ya tsarkake wannan.

Mai neman aiki yana iya auna kowace hanya da tambaya uku. Abin da za a faɗa a kaina, gaskiya ne? Mai yin maganar, da mai yanke shawara, akwai abin da za su samu in an ɗauke ni? Da wanda muke takara da shi yana zaune a ɗakin yana ji, za a iya yin maganar yadda ake yinta yanzu? Ta ukun ita ce mafi kaifi. Shaida ta gaskiya ba ta jin kunyar kunnen kowa. Abin da sai an rufe ƙofa, an rage murya, an ce kada kowa ya ji, ya riga ya faɗi sunansa da kansa. Da wannan ma'auni ake gane goro ma. Yaba kyauta tukwici, ba laifi mutum ya kai wa wanda ya tsaya masa kaza ko ƙwaryar gero bayan an gama kome, in ba a yi sharaɗi ba. Goron da ya riga shawara zuwa, ko wanda aka faɗi adadinsa tun farko, farashi ne.

Abin da ƙi yake ci

Kada a ruɗi kowa. Wanda ya ƙi biya yana iya rasa aikin, ya ga wanda ya biya yana wucewa a kan sabon babur. Yana iya rasa na biyu da na uku. Ba a yi wa mai gaskiya alkawarin kujera ba, wanda kuma ya ce masa lalle in ya ƙi yau gobe zai sami wadda ta fi, ya faɗi abin da ba shi da iko a kai. Waɗansu sun ƙi, sun samu daga baya. Waɗansu sun ƙi, sun tsufa ba su shiga biro ba. Abin da mai ƙi yake da tabbacinsa shi ne bai ci abincin wani ba, ba kuma wanda yake riƙe da wuyansa.

Amma sau da yawa abin da yake tura mutum ga biya ba yunwa ce tsagwaronta ba, kunya ce. Gida ya sha wahala a kan karatunsa, ƙauye duka ya san ya je jami'a, yanzu a gan shi yana tura baro ko yana ban ruwa a lambu? Ma'aikacin kamfani da ya saba da albashi da gidan kamfani, a gan shi yana gyaran babur a bakin hanya? Nan ne mutum yakan ga kamar hanya biyu ce kawai gare shi, ko kujera ko zaman kashe wando, alhali akwai ta uku, wadda take bi ta ƙasa. Albasar Galmi da ake lodinta zuwa Abijan da Kumasi hannu ne yake nomanta a rani. Ɗinki, walda, gini, gyaran salula, haɗa wutar hasken rana, kiwon kaji, sayar da zogale da ƙuli, duka suna ciyar da gidaje. Ba su da sauƙi, ribarsu ba ta da tabbas, waɗansu kuma suna bukatar jari, gama sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ba ɗayansu da yake ƙasƙantar da mutum. Manzo Bulus, wanda ya yi karatu a wurin Gamaliyal, ɗinkin alfarwa ya yi a Koranti ya ci abinci. Girman kai rawanin tsiya ne. Wanda ya fi jin kunyar a gan shi da galma a kan a san ya sayi gurbin wani, ma'aunin kunyarsa ya karkace. Mai karatun da ya kama sana'a kuma bai rufe wa kansa ƙofar konkur ta gaba ba, zai dai jira ta da abinci a ciki, ba mai iya saye shi da arha.

Nauyin masu aiki

Ba daidai ba ne a ɗora wa marar aiki dukan nauyin gaskiya, masu aiki kuwa su tsaya gefe suna yaba masa. Shari'ar Musa ta umarci mai gona kada ya girbe har gefe, kada kuma ya koma kalar abin da ya zuba, ya bar wa matalauci da baƙo. Da wannan Rut ta ciyar da kanta da surukarta. Ba sadaka aka miƙa mata tana zaune ba, wurin yin aiki aka bar mata. Jama'ar da take so ƴaƴanta su ƙi sayen gurbi dole ta bar musu gefen gona.

Wannan yana da hanyoyi da ba su fi ƙarfin ƙaramar ikkilisiya ba. Wanda ya ji an buɗe gurbi ya sanar a fili, kowa ya ji, kada ya ɓoye wa ɗansa kaɗai. Tela, magini da makanike su ɗauki yaro ɗaya fiye da bukatarsu su koya masa. Zumuntar mata da take adashi ta sa wadda mijinta ya rasa aiki a farkon ɗauka. Wanda ya san yadda ake shirya takardu da amsa tambayoyin jarrabawa ya zauna da samari ya nuna musu. A haɗa wa mai zuwa Yamai jarrabawa kuɗin mota, a nemar masa masauki. Fasto kuma in an roƙe shi wasiƙar shaida, ya rubuta abin da ya sani kawai. Wasiƙar da take yabon kowa ba ta amfanar kowa, ranar da aka gane haka kuwa, yaron kirki ma ya rasa mai tsaya masa.

A cikin gida ne gwajin ya fi tsanani. Matar da take ce wa mijinta kowace safiya, "Maigida, dubi wane, shi ya san yadda ake yi," tana tura shi inda ba za ta so ya je ba. Uban da yake kiran ɗansa wawa don ya ƙi biya, yana rushe abin da ya gina cikinsa tun yana yaro. Ma'aikacin da yake riƙe da amana shi ma yana bukatar dangi su sassauta masa. In duk wanda ya sami kujera za a auna zumuncinsa da yawan ƴan'uwan da ya cusa, to, dangi ne suke koya masa rashin gaskiya, sa'an nan su koma suna kukan ƙasa ta lalace. In ya ce wa ɗan ƴar'uwarsa, "Ɗana, zan faɗi halinka ga duk wanda ya tambaye ni, zan biya maka kuɗin koyon sana'a in ka yarda, amma sakamakon jarrabawa ba zan taɓa ba," bai yanke zumunci ba. Ya kamata a sami dattawan da za su faɗi haka a gaban dangi, kada a bar shi shi kaɗai.

Ƙarancin aiki ba ya hannun mai nema, farashin yuraniyom da darajar sefa da buɗe iyaka ba a ɗakinsa ake yanke su ba. Abin da yake hannunsa kaɗan ne: ya nema da himma, ya roƙi waɗanda suka san shi su faɗi gaskiya a kansa, ya karɓi aikin da ya samu ko da bai kai burinsa ba, ya kuma tuna da mutumin da ba ya cikin ɗakin. Wannan mutum yana iya zama Kirista ko Musulmi, ɗan birni ko ɗan ƙauye. Watakila ma a jarrabawa ta gaba, shi mai neman ne zai zama na 40 a jeri, yana fata can cikin wani ɗaki da bai sani ba, wani zai ƙi sayen sunansa.